Gurbi Ɗaya a Takarda

A likitar Tawa, Litinin, kashegarin kasuwa,
na ɗaura wa Zabbau abin awo a dantse.
Ya kumbura, ya yi ajiyar zuciya, ya saki.
Sha huɗu bisa tara.
Na ce, Iya, me ke damun ki?
Takarda ta bar mini gurbi ɗaya,
tsawon ɗan yatsa,
in sa kalma guda da Faransanci.

Ta ce, gabana ke faɗuwa.
Na ce, tsoro ke nan.
Ta ce, a'a, ɗiyata, tsoro yana da fuska:
maciji ne cikin kara,
rijiya ce da yaro a bakinta.
Wannan sallama yake ta yi, ya ƙi shigowa.

To, baƙin ciki?
Ta yi dariya da haƙori biyu.
Shi ai shekara tara muna tare,
tun ranar da Nomau ya hau motar Abijan
da tabarma da rediyon ubansa.
Baƙin ciki ba ya hana daka,
zama yake gindin turmi yana ƙirga.
Haushi wutar kara ce,
kafin a aza tukunya ta zama toka.
Takaici kuwa, ki san mai laifi,
ki kuma san ke kika goya shi.
Kewa ita ce in dama fura
in ga hannuna ya jera ludayi huɗu,
alhali mu uku ne.

Fanka na juyi bisa kanmu kamar mai jin barci.
A waje jariri ya tsage da kuka.
Na ce, Iya, layi na jira.

Sai ta kwance bakin zane,
ta fiddo ƴar waya mai tsagaggen gilashi.
Shekaranjiya ya kira.
Yana tafe, Juma'a.
Na ce, ashe murna ce! Barka!

Ta dube ni kamar na ba ta canjin da bai cika ba.
Murna ke hana haɗiyar ruwa?
Sau uku na share ɗakinsa,
na ɗaure zabo a ƙafar gado.
Amma muryar da ta ce mini Inna ta yi kauri,
akwai wani gari a cikinta.
In ya sauka a tasha na wuce shi fa?
In ya dube ni, ya ci gaba da neman wadda ya bari?
Wanda nake jira, na saba da shi:
kullum shekararsa ashirin,
ba ya gardama, ba ya furfura.
Ranar Juma'a, in wannan ya iso, wancan ya tafi.
Wa zai zo mini gaisuwarsa?

Shekara uku na yi a Yamai
ana zana mana zuciya a allo,
ɗaki huɗu, ƙofa huɗu, mashiga da mafita.
Babu wanda ya nuna mana inda ciki ke yin fari,
ko ta inda rai ke ɓaci,
ko abin da ke kaɗa hanta,
ko ɗakin da murna da makoki
ke kwana a tabarma ɗaya.

Na ɗaga biro. Na ajiye.
Na ce ta rage gishiri,
ta dawo bayan sati biyu.
Gurbin na bar shi fari.

Da yamma kabu-kabu ya bi da ni ta tasha.
Wata mota na sauke kaya,
mata sun yi cirko-cirko suna duban ƙofa.
A jakata akwai lambar yayata Habsu,
tun rabon gado ba mu yi magana ba.
Da ina kiran abin fushi.
Yau na taɓa shi, na ji ba zafi,
nauyi kawai,
kuma ban san sunansa ba.